Kalmar da Ka Saba da Ita: Lacca kan Tsofaffin Kalmomin Ingilishi



Ƙamus na farko da ya bayyana Ingilishi da Ingilishi shi ne wanda Robert Cawdrey, wani malamin makaranta, ya fitar a 1604. Kalmomi wajen 2,500 ya tara, yawancinsu masu wuya, na aro daga Latin da Girkanci da Faransanci. Na yau da kullum kuwa bai kula su ba, tunda kowa ya san su. To, a nan gizo ke saƙar.

Baƙuwar kalma ba ta cika cutar da mai karatu ba, domin da ya gan ta zai tsaya ya tambaya. Wadda ke kayar da ɗalibinmu mai karatun Shakespeare ita ce wadda ya saba gani kullum, alhali ma'anarta ta daɗe da yin ƙaura. Ku ɗauki "nice". Daga Latin ta fito, daga kalmar da ke nufin marar sani, kuma a ƙarni na 14 wanda aka kira da ita wawa aka ce masa. "Silly" ta bi hanyar a juye: asalinta mai albarka, yau kuwa sakarai. "Meat" a da kowane irin abinci ne, "deer" kowace dabba, "girl" ƙaramin yaro, namiji ko mace. A fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1611, "prevent" na nufin riga wani isa wuri. Har yanzu a fasfon Birtaniya akwai "let" da tsohuwar ma'anarta ta hanawa, kishiyar abin da aka koya mana a aji.

Saboda haka tambayar "me kalmar nan ke nufi?" ba ta cika ba sai an ƙara da "a wace shekara, a bakin wa?"

Samuel Johnson ya kama hanyar a 1755, da ya riƙa kafa hujja da jimlolin marubuta a ƙamusinsa. Amma ƙamus na Oxford ne ya kai aikin maƙura. James Murray ya karɓi ragamarsa a 1879, ya roƙi jama'a su karanta tsofaffin littattafai su aiko masa da 'yan takardu. A kowace takarda akwai kalma a sama, sai shekara, sunan marubuci, littafi, shafi, da jimlar da kalmar ta fito a ciki. Miliyoyinsu aka jera a wata rumfar ƙarfe a gidansa. Cikin masu aikowa har da William Minor, likitan sojan Amurka da ke tsare a asibitin masu taɓin hankali na Broadmoor bayan ya kashe mutum a Landan. Kashi na farko na ƙamusin ya fito a 1884, bai wuce harafin A ba. Murray ya rasu a 1915, aikin bai kammala ba sai 1928. Abin da ya fi burge ni shi ne ba su zubar da kalmomin da aka daina amfani da su ba. Alama suka sa musu, suka bar su da tarihinsu.

Wannan bin diddigi yana kuma tona ƙarya. A 1934 ƙamus na Webster a Amurka ya buga kalmar "dord". Wani ne ya rubuta "D or d" a takarda, wato gajerun alamomin wani ma'auni na kimiyya, aka karanta su a haɗe. Sai a 1939 wani edita ya lura ba a rubuta mata asali ba, ya bincika, aka cire ta.