Wasa Makarantar Magana

Ina yi muku barka da ƙoƙari, ku da kuka sunkuyar da kai da girmanku kuka koyi baƙi da wasali, har ga shi yau kuna karanta wannan takarda da kanku, ba wanda ya karanta muku. Amma ina so ku sani karatu da rubutu ƙafa ɗaya ce. Akwai ta biyu, watau iya magana, yadda mutum zai tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da ke ransa a fahimta, har wanda da ya ƙi ya sauko ya yarda. A kan wannan zan yi muku jawabi, in nuna muku inda a ke koyonta a nan birnin Katsina ba da ko anini ba.

Kada ku ɗauka ƙaramin abu ne. Na daɗe ina aikin tafinta, ina tsayawa tsakanin mutum da mutum ina juya magana, na kuwa ga abin tausayi ba sau ɗaya ba. Mutum biyu su zo gaban alƙali a kan iyakar gona. Mai gaskiya ya tashi jiki na rawa, ya ɗauko zance tun daga kakan kakansa, ya biyo ta kan wani jaki da aka ara shekara bakwai ba a mayar ba, ya haɗa da rantsuwa, kafin ya iso kan gonar kowa ya gaji da saurare. Abokin shari'arsa kuwa ya gai da alƙali, ya faɗi magana uku a jere, ya yi shiru. Alƙali ba ya ganin zuciya. Abin da ya shiga kunnensa, da abin da shaidu suka faɗa, da su ya ke hukunci. Haka abin ya ke wurin neman aure, da neman rance, da kai kuka gaban mai unguwa. Sau da yawa mutum ya kan rasa haƙƙinsa don bakinsa ya ƙi yi masa aiki ran da ya ke bukatarsa.

To, Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai taɓa gwada bakinsa ba sai ran shari'a ya makara. Wurin gwadawa kuwa shi ne wasa, domin a cikin wasa in ka faɗi ba ka yi hasarar kome ba, sai dai a yi maka dariya, gobe ka sake. Iyayenmu sun san wannan tun da daɗewa, ko da ya ke ba su kira shi makaranta ba.

Ku tuna da daren farin wata, sa'ad da ku ke yara, an gama tuwo an zauna kacici-kacici. Wani ya ce, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." A yi ta lalube, wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza, har a rasa. Sai mai tambaya ya ce a ba shi gari. A nan ne daɗin ya ke. A ce an ba shi wani ɗan ƙauye, ya ce ba ya so, ya fi ƙarfin nan. A ce an ba shi Jibiya, ya yi tsaki. Sai an ba shi Katsina ko Kano sa'an nan ya karɓa, ya yi ta fankama da abin da zai ci a garinsa, kana ya ce, "Tsintsiya." Ku duba abin da yaron nan ya koya. Ya koyi siffanta abu da wani abu, wanda shi ne tushen kawo misali a cikin zance. Ya kuma koyi ciniki, ya san mai abu a hannu ba ya sakinsa a tayin farko.

Tashe ya fi wannan zurfi. In azumi ya kwana goma, yara su fito bayan an sha ruwa, suna bi gida gida. Wani ya manna gemun auduga, ya tanƙware baya, ya riƙe sanda kamar tsoho ɗan shekara tamanin. Wani ya rataya tarkacen saiwoyi da layu, shi ne Jatau mai magani, yana zayyana cututtukan da ya ke warkarwa. Masu gidan ba su bin yaran nan bashin kome, ba wanda zai tilasta musu su ba da ko ƙwayar gero. Lalle sai yaro ya karanci fuskar matan gida, ya gane inda dariya ta kama ya ƙara, inda ta mutu ya wuce. Wanda ya iya ya koma da hatsi da kuɗi, wanda bai iya ba ya koma da ƙwarya wayam. Ina malamin da zai ba yaro jarrabawa mai gaskiya kamar wannan?

Akwai kuma wasan da ba ya ƙarewa da ƙuruciya, watau wasan da ke tsakanin taubasai, da jika da kaka, da gari da gari. Bakatsine ya gamu da Banufe, kowa ya ce ɗan'uwansa bawansa ne, a yi ta jifa da magana, a rabu ana dariya. Haka Bakano da Bazazzagi, haka Bafillace da Babarbare. A ganina wannan shi ne mafi amfani duka, domin yana koya wa mutum abin da ya fi wuya, a soke shi da magana gaban jama'a ya haɗiye fushi, ya nemo amsa mai daɗi nan take. Wanda ya fusata an ci shi, ko da amsarsa ta fi. Yana kuma koyar da iyaka, gama ko taubashinka akwai inda ba ka taɓawa. Ba banza a ke kiran garin nan ɗakin kara ba. Mutumin Katsina ya kan ƙi abu, amma ya ƙi shi ta hanyar da wanda aka hana zai tafi da mutuncinsa, wannan kuwa gwaninta ce da a ke koya tun ana ƙanana.

A ƙauyuka, in an gama aikin kaka, samari da 'yan mata su kan yi kalankuwa a da. Su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan doka, a kama mutum da laifin wasa, a kai shi gaban alƙali, ya kare kansa ko a ci shi tara. Ɗan talaka ya ɗanɗana yadda a ke zama a kujerar hukunci, ɗan mai gari ya ɗanɗana yadda a ke durƙusawa. A wasu fadodin ƙasar Hausa kuma matan cikin gida su kan yi wasan gauta a da, su kwaikwayi sarki da fadawansa a gaban idonsa. Abin da ba mai iya faɗa wa sarki da rana tsaka, sai ya gan shi cikin raha, in mai hankali ne ya gyara.

Kada ku ce wannan duk al'adar mutanen da ce. Masu ilimin zamani ma ta nan suka bi. A Jami'ar Okusfod ta ƙasar Ingila akwai wata ƙungiya ta ɗalibai tun shekarar 1823, aikinta muhawara. Su kan zauna kamar majalisar ƙasa, a kawo batu, waɗansu su goyi baya, waɗansu su soka, a ƙarshe a ƙirga wanda ya rinjaya. Ba dokar da ta ke fita daga ɗakin nan, wasa ne, amma da yawa daga waɗanda suka riƙe mulkin Ingila a can suka fara wasa harshensu. A nan gida kuma kun san tsohon ginin Kwalejin Katsina, wanda yanzu ya zama gidan ajiye kayan tarihi. Gwamna Kilifod ya buɗe ta a 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, tana nan har 1938 da aka mai da ita Kaduna. Malamanta sun matsa wa ɗalibai ƙwarai a kan fitar da lafazi da magana a tsanake. A nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu, wanda daga baya, sa'ad da ya zama Firayim Minista, a ke kiransa mai muryar zinariya. A nan kuma Malam Abubakar Imam ya yi, ya fita ya koyar a Makarantar Midil ta Katsina, kafin ya rubuta Magana Jari Ce, wanda littafinsa na fari ya fito a 1937. In kun kai ga karanta shi ku lura da abu ɗaya. Akun da aka bar wa tsaron ɗan sarki ba shi da ƙarfin da zai hana yaron fita, bai kuwa tsaya yi masa faɗa ba. Labari ya yi ta ba shi mai daɗi, ɗaya bayan ɗaya, har gari ya waye.

Na san wani cikinku zai ce, "Haba Malam, mu da gemunmu da iyalinmu mu koma wasan yara?" To, ina tambayarsa, su wa ke zama gindin bedi da la'asar suna dara, suna yi wa juna ba'a har a kira magariba? Ai ba yara ba ne. Abin da na ke roƙo shi ne, in an tashi daga aji, ko sau ɗaya a mako, ku ɗauki rabin sa'a ku yi waɗannan da zan faɗa.

Na fari mai sauƙi ne. Ku zauna a jere, na farko ya raɗa wa na biyu saƙo, a ce, "Gobe Laraba Malam Audu zai kai buhu biyu na gero Ƙofar Ƙaura bayan azahar." Na biyu ya raɗa wa na uku, har ya kai ga na ƙarshe, shi kuwa ya faɗa da ƙarfi. Za ku sha mamaki, gero ya zama dawa, Laraba ta zama Lahadi. Mu tafintoci mun san wannan ciwo. Maganinsa shi ne ka maimaita wa wanda ya aike ka abin da ka ji kafin ka tashi, yanzu kuma da kuka iya rubutu, ka rubuta.

Na biyu wasan kasuwa ne. A ba mutum ɗaya hajar da ba mai so, kamar tsohon jaki mai ɗingishi, ko tulu mai tsaga, a ce ya sayar wa sauran. Su kuwa su yi ta kushewa, su taya da arha, shi ya ce albarka. Sharaɗi guda ne, kuma kada a sassauta shi: in ya yi ƙarya ko ɗaya, ko ya ɓoye aibin da aka tambaye shi, ya faɗi. Da fari za ku ga kamar ba shi yiwuwa. Amma mai wayo zai bar yabon jaki, ya koma tambayar masu saye. Kai me ka ke so da jaki? In ka ce fatauci za ka da shi Maraɗi, sai ya ce wannan ba naka ba ne. In wani ya ce taki ya ke so ya riƙa kaiwa gona bayan ganuwa, kuɗinsa kuwa kaɗan ne, to, an sami mai jaki. Tulu mai tsaga ba ya riƙe ruwa, amma yana riƙe gyaɗa. Abin da wasan ke koyarwa ke nan, ka san bukatar mutum kafin ka buɗe baki. Na sa sharaɗin ƙarya da gangan, domin akwai bambanci tsakanin iya magana da zaƙin baki. Dillalin da ya rufe ka yau ya ci la'ada sau ɗaya, gobe in ka hango shi sai ka sake hanya.

Na uku shi ne babba, wasan shari'a. A naɗa alƙali, a fitar da mutum biyu, a ƙaga musu rigima irin wadda kuka saba gani. A ce shanun makiyayi sun shiga gonar manomi, manomi ya ce an cinye masa dawa, makiyayi ya ce gonar ta cinye burtalin da ya ke bi tun zamanin ubansa. Kowa a ba shi minti uku, kada a katse shi. In sun gama, kafin alƙali ya ce kome, sai su musanya: manomi ya zama makiyayi, makiyayi ya zama manomi, kowa ya kare abin da ɗazu ya ke suka. Wanda a ke ba nasara shi ne wanda ya fi kyautata maganar abokin gabansa, har shi abokin ya ce, "I, haka na ke nufi, ka ma fi ni faɗa." A nan za ku gane wanda ya ke saurare da wanda ya ke jiran a gama ya zuba nasa. Yawancinmu na biyun ne. Mutumin da ya iya faɗin hujjar abokin shari'arsa da bakinsa ya riga ya san inda ta ke da ƙarfi, ba zai kai kansa can ba, ya kuma san inda ta ke da rauni. Wani lokaci ma, yana cikin faɗinta, sai ya ga ashe mutumin nan yana da 'yar gaskiya, a yi sulhu tun ba a je ko'ina ba.

Ku riƙa juya alƙalancin, kowa ya ɗanɗana, kada ya zauna hannun malamin aji ko wanda ya fi shekaru. Tara kuwa kada ta wuce goro ɗaya, a raba a ci a wurin. In akwai mai in'ina ko mai kunya a cikinku, ku fara ba shi aikin shaida, wanda ba ya bukatar dogon zance, bayan mako biyu ko uku ku ba shi manomi. Wanda kuma hannunsa ya fi sauri a cikinku ya zama magatakarda, ya rubuta abin da kowa ya faɗa a taƙaice, mako mai zuwa a fara da karanta shi kafin a kira sabuwar shari'a. Wassalam.