Me ya sa fenti yake tashi daga katanga?

 Ina gaida ƴan makarantun yaƙi da jahilci, maza da mata, duk inda kuka taru kusa da rediyo. Ina gaida malamanku. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Arewa, daga Matankari har Tibiri, da ƴan ajina na Kiyeshe, kusa da Dogon Dutsi.

Hirarmu ta yau a kan katanga take, ta gida da ta garka. Ku ajiye littafi da alƙalami kusa, akwai lissafi a gaba.

Wani dattijo cikin ƴan ajina ya tashi aurar da ɗiyarshi. Cikin bazara ya sayar da rago, ya sayi siminti da fentin mai shuɗi. Katangar ƙofar gidanshi ta ƙasa ce. Magini ya yaɓe ta da siminti, bayan kwana 3 aka shafa fenti. Ranar buki kowa ya yaba. Amma tun ba a ci sabon gero ba, fenti ya kumbura kamar ƙunar wuta, ya soma ɓamɓarewa. Dattijo ya zo aji ranshi a ɓace, ya ce mai kanti ya cuce shi. Na ce mishi: "Baba, mu tafi mu ga katangar tukuna."

Da muka duba, fentin ba shi da laifi. Ruwa ne ya shiga bayanshi. Fentin mai kamar leda yake. Idan ruwa ya shiga cikin katanga, rana ta buga, ruwan yana neman hanyar fita. Bai samu ba, sai ya tura fentin waje.

To, ta ina ruwan ya shiga?

Ya shiga ta bisa. Kan katangar a shimfiɗe yake, ga tsaga, ruwan sama yana kwantawa yana tsuma. Ya kamata a yi kan katanga da doro, kamar bayan jaki, don ruwa ya zube nan take. Kun san kuma hadarinmu daga gabas yake tasowa. Shi ya sa fuskar da ta dubi gabas ita ce take fara lalacewa. Ita za a fi yi wa kauri, ita za a fara dubawa kowace shekara.

Babbar ɓarna kuwa daga gindi take, kuma ita ce mutane ba su lura da ita. A cikin Dallol Mauri akwai wuraren da ruwa ba shi da zurfi. Katanga tana tsotson danshin ƙasa kamar yadda lagwanin fitila yake tsotson kananzir. Ruwan yana hawa da gishirin ƙasa. Ruwa ya bushe, gishiri ya saura, ya zama farin gari a ƙarƙashin fenti, yana cin yaɓe. Idan kuka ga awaki suna lasar gindin katanga, gishirin nan suke bi. A gidan dattijon nan ruwan wanka yana bin gindin katanga, ga kuma shukar tumatir ta uwargida manne da ita, ana ba ta ruwa safe da maraice. Maganin ba ya cin ko dala. A janye shuka kamar taku 2 daga katanga. A yi wa ruwan wanka da na indararo hanya su tafi nesa. A tara ƙasa a gindi, a daɓe ta da gangara, ko a gina ɗan dakali.

Sai maganar siminti. Na ƙwanƙwasa yaɓen da yatsa, ya yi ƙara kamar ganga. Wato ya rabu da katanga. Simintin Malbaza abu ne mai kyau a kan bulo na siminti. Amma shi da ginin ƙasa ba su jituwa. Ƙasa tana kumbura idan ta jiƙe, tana ƙanƙancewa idan ta bushe, siminti kuwa ba ya bin ta. Sai ya tsage, ruwa ya shiga, ƙasa ta narke a ɓoye, daga waje kuma katanga tana kyau. Wannan shi ne abin tsoro, domin gindin katanga wurin zaman tsofaffi ne, wurin wasan yara ne. A damanar 2024 ruwa ya rushe gidaje da yawa a ƙasarmu, mutane fiye da 300 suka rasu, har tsohon masallacin ƙasa na Damagaram ya faɗi. Wanda dole sai ya sa siminti a kan ƙasa, to magini ya fara kafa ƙusoshi da ragar waya don yaɓen ya sami abin kamawa.

Ni dai a ganina, ginin ƙasa yaɓen ƙasa ya fi dacewa da shi. Iyayenmu suna kwaɓa ƙasa da ciyawa da kashin shanu, su bar ta ta ruɓa kwanaki. Inda ake samun ɗorawa, ana jiƙa ɓawonta a sami makuba, a zuba cikin kwaɓin, ruwa ya riƙa zamewa. Hasumiyar masallacin Agadas ta ƙasa ce, tsayinta mita 27, kuma tana tsaye saboda ana sabunta mata yaɓe. Masu zuba baƙin man mota cikin kwaɓi kuwa su sani, fenti ba ya kama wurin da mai ya taɓa.

Mai son katanga fara sai ya nemi farar ƙasa ta buhu, wadda ake toyawa daga dutse. Ita tana barin danshi ya fita. A dama ta ruwa-ruwa kamar madara. A yayyafa wa katanga ruwa, sannan a shafa shafe-shafe, sau 2 ko 3, ana barin kwana ɗaya tsakani. Idan ta yi kauri, tsagewa za ta yi. A yi aikin da safe ko da maraice, ban da tsakar rana, ban da ranar da iskar hunturu take da ƙarfi. A kiyaye ido, tana ƙuna. Idan ta faɗa, a wanke da ruwa mai yawa, a tafi likita.

Wanda katangarshi ta bulo ce kuma yana son fenti, haƙuri zai yi. Sabon yaɓen siminti yana bukatar kwana 28 kafin fenti. Ga inda karatu zai yi muku rana: ku rubuta ranar da aka gama yaɓe, ku ƙidaya. Bayan kaka ne lokacin aikin, sa'ad da katanga ta bushe sarai. Idan kuna shakka, ku liƙa ƴar leda a jikinta ta kwana. Kun ga raɓa a cikin ledar da safe, to da sauran danshi. Tsohon fentin da ya tashi a kankare shi duka, a share ƙura, a cike tsaga. Ku jiƙa wurin kafin kankara, ku kori yara, ku kwashe ɓawon ku binne, domin wani tsohon fentin mai yana da dalma a ciki, ita kuwa guba ce ga yaro.

Yanzu lissafi. Katanga mai tsawon mita 10, tsayi mita 2. Ku ninka: 10 sau 2, 20 ke nan. Idan an rubuta a jikin gwangwani cewa lita 1 tana rufe 10, shafa ɗaya lita 2 ce, shafa biyu lita 4. Rubutun gwangwani galibi da Faransanci yake, amma lambobi iri ɗaya ne, kuna iya karanta su. Sauran malaminku zai taimaka.

Dattijon nan ya fasa yaɓen simintin, ya mayar da na ƙasa, ya yi dakali. Tumatir kuma an kai shi kusa da rijiya, ko da yake sai da aka sha magana da uwargida.

Aikinku na wannan mako: kowa ya zaga katangarshi, ya ƙwanƙwasa, ya duba gindi. Ku rubuta kalmomin nan 4 a littafi: katanga, yaɓe, danshi, dakali. Ku auna katanga ɗaya da taku, ku kai wa malam lissafin.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. A kwana lafiya.