Shayin fada da ƙarancin jini

Daga Mayahi har Tasawa, da wuya a ga fada babu buta bisa gawayi. Koren shayin ƙasar Sin da muke dafawa ba a tsima shi, shi ya sa yake cike da katekin, sinadarin da ke taimakawa wajen kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. A lardin Yunnan na ƙasar Sin kuwa, tara ganyen ake yi da danshi har makonni, ƙananan halittu su tsima shi ya zama shayin da ake kira Pu'er: katekin ya ragu, launi ya yi duhu, ɗaci ya lafa.

Abin da ke damuna shi ne, shayi yana rage wa jiki samun sinadarin ƙarfe daga tuwo da wake. Mai juna biyu da mai ƙarancin jini su bar shan shayi sai awa ɗaya bayan abinci, a kuma sassauta sukari.