Idan Mai Farfaɗiya Ta Girma: Jawabin Kwamitin Lafiya a Taron Cikar Shekara

Iyayenmu mata, yayye da ƙanne, da mazajenmu da suka zo taya mu murna, sannunku da zuwa.

A 'yan mintocin da aka ba mu, za mu yi magana ne a kan ciwon farfaɗiya, musamman yaron da ya taso da shi har ya zama mutum. Kun san tun yana ƙarami uwa ce ke riƙe da komai: ita ke tuna lokacin magani, ita ke goya shi zuwa asibiti. To ranar da yarinya ta tare a ɗakinta, ko saurayi ya tafi birni neman kuɗi, wa zai ci gaba?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kusan miliyan 50 ne ke da wannan ciwo, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan sun sami maganin da ya dace. Ciwon ƙwaƙwalwa ne. Sau da yawa wahalar haihuwa ce ke jawo shi, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko buguwa a kai. Ba a ɗaukarsa ta yawu, ba a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya. Yara da yawa suna rabuwa da shi in sun girma, wasu kuma sai sun ci gaba da shan magani. Likita kaɗai ke da ikon cewa a tsaya, yawanci bayan shekara 2 ko fiye ba a faɗi ba, kuma a hankali ake ragewa. Yanke magani rana ɗaya don an ga sauƙi yana iya dawo da ciwon da ƙarfi, har a rasa rai.

Sai maganar aure, inda muka fi jin nauyi. Iyaye kan ɓoye don kada manemi ya gudu. Amarya ta tare, tana kunyar a gan ta da ƙwaya, sai ta bar sha. Ga murhu, ga tukunyar tafasasshen ruwa, ga rijiya. Don Allah a faɗa wa miji da uwar miji tun kafin a sa rana. Mai farfaɗiya tana aure, tana haihuwa, yawanci tana shayarwa lafiya lau. Amma ta ga likita kafin ta ɗauki ciki, domin Epilim yana iya yi wa ɗan tayi illa, sai a duba ko za a canza mata, a kuma ba ta folik asid. Tegretol da fenobabiton kuwa suna rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa. In ciki ya riga ya shiga, kar ta tsayar da magani da kanta fa, ta garzaya asibiti.

In wani ya faɗi a gabanmu, mu janye shi daga wuta, mu sa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, mu kwantar da shi ta gefe. Ba cokali a baki, ba ɗura ruwa, ba danne shi. In jijjigar ta wuce minti 5, sai asibiti.

Roƙonmu biyu ne ga shugabanni. Na farko, a ware wani abu daga asusunmu don ranta wa 'yar uwar da maganinta ko na ɗanta ya ƙare kafin kuɗi su zo. Na biyu, mai wannan lalura a ba ta awo, ko ƙulla kaya, ko riƙe littafin lissafi, a ɗauke mata suyar ƙuli-ƙuli a bakin kasko, kuma rabonta ya zama daidai da na kowa.

Duk mai tambaya ta same mu bayan an tashi, magana ba za ta wuce tsakaninmu ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya maimaita mana.