Kuskuren da aka ɓoye, gobe wani zai faɗa wa



Yau 17 ga Satumba, ranar da hukumar lafiya ta duniya OMS ta ware tun 2019 don kare majinyaci daga cutuwa a wurin da ya je neman sauƙi. OMS ta ce kusan majinyaci 1 cikin 10 na gamuwa da wata illa a hannun masu yi masa magani, kuma fiye da rabin wannan illa ana iya kauce mata.

Ni wannan magana a gidanmu na san ta. Ƙanena yana shekara huɗu masassarar cizon sauro ta kama shi. Innarmu ta goya shi zuwa likita, aka yi masa allurar kinin a ɗuwawu. Allurar ta taɓa babbar jijiyar da ke sauka ƙafa. Masassara ta tafi, amma har yau yana jan ƙafar hagu. Ba wanda ya kira Inna ya faɗa mata abin da ya faru, ba a rubuta komai a karnensa ba. Maƙwabta suka ce a yi haƙuri, ƙaddara ce.

Mun yarda da ƙaddara. Amma da an rubuta kuskuren nan, an zauna an duba shi, wataƙila yaron da ya biyo bayan ƙanena a layi ya tsira.

Ba faɗa muka zo yi da ma'aikata ba. Mun san mutum ɗaya ke kwana gadi a CSI, ga layi, ga ɗaukewar wuta. Gajiyayye dole wata rana ya yi kuskure. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne rufa-rufa.

Don haka muna neman abu uku. A ajiye rajistar kurakurai a kowace likita, ma'aikaci ya rubuta ba tare da tsoron kora ba. A faɗa wa iyali gaskiya. A buɗe hanyar kai ƙorafi da Hausa, ga wanda bai yi lakkol ba.

Ku kuma iyayena mata, kafin allura ku tambaya: mene ne sunanta, ta mece ce? Ku ga an ɓare sirinji sabo a gabanku. Tambaya ba rashin kunya ba ce.

Allah ya ba majinyatanmu lafiya.