Tsakanin Kunne da Muƙamuƙi: Abin da Hausa ta Raɗa wa Suna da Abin da ta Bari



Gabatarwa

Wataƙila wani zai ce, me ya haɗa malamin Hausa da zancen tsoka da jijiya, alhali ga likitoci a zaune? Dalili shi ne, likita da Turanci ya koyi ciwo, amma majinyaci da Hausa yake kai kuka. Abin da nake so mu duba yau ɗan fili ne wanda tafin hannu zai iya rufewa, watau daga saman kunne zuwa kusurwar muƙamuƙi. Zan riƙa auna maganata da ƙasar Mairuwa, wadda ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau cikin Ƙaramar Hukumar Faskari, da maƙwabtanta na Ƙanƙara da Sabuwa, domin a irin waɗannan garuruwa wanzami ya fi likita kusa da mai ciwo.

Sunayen waje da sunayen ciki

In muka dubi wannan fili daga waje, Hausa ba ta bar kome ba. Akwai kunci da kumatu, akwai saje da haɓa da muƙamuƙi. In an buɗe baki, ga dasashi, ga fiƙa, ga turame. Duk wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 ko na Abraham na 1949 zai ga yalwar irin waɗannan kalmomi. Amma da zarar an ɗaga fata, sai sunaye su yi ƙaranci. Alal misali, kalmar jijiya ita kaɗai take ɗauke da kaya uku: hanyar da jini ke bi, da igiyar da ta ɗaure tsoka ga ƙashi, da kuma zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. To, a gindin kunne duka ukun suna kwance kusa da juna, kuma yanke kowace yana da irin tasa ɓarnar.

Maɓuɓɓugar miyau

Mutum yana da wuraren da ke tsattsafo da miyau manya guda shida, uku dama uku hagu: ƙarƙashin harshe, ƙarƙashin muƙamuƙi, da gindin kunne. A yini guda sukan fitar da abin da ya kama daga rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi. Na gindin kunne shi ne babbansu, nauyinsa giram 15 zuwa 30. Likitoci suna ce masa farotid, daga Girkanci, ma'ana "na kusa da kunne". Ni dai ina ba da shawara mu kira shi maɓuɓɓugar miyau ta gindin kunne. Wanda ke son ya san inda take, ya jefa tsamiya a baki. Tsukun da zai ji a gaban kunnensa, nan take.

Daga wannan maɓuɓɓuga akwai magudana mai tsawon kamar santimita 5, wadda ta ratsa ta kan tsokar tauna, ta huda kunci, ta buɗe a cikin baki daura da turmi na biyu na sama. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Niels Stensen, shi ya gano ta a 1660 sa'ad da yake feɗe kan tunkiya, shi ya sa har yau take amsa sunansa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, jijiyar da ke motsa fuska ta tsakiyar wannan maɓuɓɓuga ta bi. Tana fitowa daga ƙoƙon kai ta bayan kunne, ta shiga cikinta, kana ta rabu reshe biyar kamar yatsun hannu: zuwa goshi, ido, kunci, leɓe, da wuya. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, wannan jijiya ita ce mai ba da labarin. In ta yanke, sai ɓarin fuska ya shanye, baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa, miyau ya riƙa dalala.

Kumburin kunci iri uku

Hausa tana da suna ga mafi yawan kumburin wannan wuri, watau hangum. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, tana bin miyau da tari daga yaro zuwa yaro, takan yi kwana 16 zuwa 18 a jiki kafin ta bayyana. Ba ya tara mugunya, kuma yakan saɓe da kansa cikin kamar kwana goma. Haɗarinsa yana ga wanda ya balaga, domin yakan sauka ga maraina, wani lokaci kuma ya taɓa ji. An sami allurar rigakafinsa a Amurka tun 1967.

Na biyu kumburi ne mai zafi da zazzaɓi wanda ke tara mugunya, sau da yawa ga tsoho ko majinyacin da ruwan jikinsa ya ƙafe. Na uku ƙullutu ne marar zafi, mai girma a hankali shekara da shekaru. Kusan kashi 80 cikin ɗari na irin wannan ba daji ba ne, amma sai asibiti ke iya rarrabewa.

Ga matsalar. A bakin mutane duk ukun kumburi ne, maganin kumburi kuwa a al'adance tsaga ko sakiya. Wanzami gwani ne a sana'arsa, ya gaji askarsa kaka da kakanni, sai dai ba a gadar masa da sunan abin da ke ƙarƙashin wannan fata ba. In aska ta nutse a nan, ko ta sami jijiyar fuska, ko ta huda magudana miyau ya riƙa fitowa ta kunci. Bayan haka sai a ce iska ce ta shafi yaro. Likitan fiɗa kansa, in zai cire ƙullutu a nan, jijiyar yake fara nemowa ya kare ta.

Tsokokin tauna

Tsoka huɗu ke motsa muƙamuƙi a kowane ɓari. Biyu suna ɓoye can ciki, su ke kai shi gaba da gefe, kamar yadda ake niƙa a dutse. Biyu kuwa kowa yana iya taɓa su. Ku cije haƙora ku dafa kusurwar muƙamuƙi, za ku ji ɗaya ta yi tauri. Ku dafa saman kunne, za ku ji ɗayar tana motsi, shimfiɗe kamar mafici. Su ne masu aiki in manomin Mairuwa yana shan rake ko cin gasasshiyar masara, su ne kuma ke tauna tsakuwa don aya ta ji tsoro.

A nan Hausa ta yi abin yabo. Cutar da ke shiga ta rauni ko ta cibiyar jariri ana ce mata sarƙe-haƙora, kuma lalle waɗannan tsokoki ne take fara ƙamewa. Haka nan cutar da likitoci ke kira noma, wadda Hausa ta kira zaizayar baki. Takan kama ƙananan yara masu tamowa, ta fara daga dasashi ta cinye kunci, wanda ya tsira kuma tabo yakan ɗaure masa muƙamuƙi ya kasa buɗe baki. Saboda ita aka kafa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Ku lura, duka sunayen biyu suna gaya wa uwa abin da za ta duba.

Gefen kai

Saura wuri ɗaya, watau gefen kai, tsakanin wutsiyar ido da saman kunne, inda ake kafa ƙaho don ciwon kai. Nan ƙasusuwa huɗu suka haɗu, nan kuma ƙoƙon kai yake da rauni ƙwarai. Daidai ƙarƙashinsa wata jijiyar jini take kwance. In sanda ko faɗuwa daga babur ta fasa wurin, mutum yana iya suma ya farfaɗo, ya yi magana garau, alhali jini yana taruwa a ciki yana danne ƙwaƙwalwa. Bayan 'yan sa'o'i sai barci mai nauyi, ko amai, daga nan sai abin da ba a so. Wanda duk aka buga a nan ya suma, kada a jira gari ya waye. A nufi Babban Asibitin Funtuwa, in ta kama a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Kammalawa

Shugaban taro, shawarata uku ce. Ta farko, mu daina barin jijiya ita kaɗai. Mu ce jijiyar jini, jijiyar saƙo, jijiyar ɗauri. Ta biyu, Sashen Hausa da Tsangayar Likitanci su zauna tare su tsara sunayen sassan jiki, su kuma gayyato wanzamai da ungozomai da mahauta, domin akwai kalmomi a bakinsu da ba su shiga ƙamus ba tukuna. Ta uku, duk sunan da aka amince da shi a gwada shi a kasuwar ƙauye. In tsohuwa a Mairuwa ta ji ta gane ba tare da an yi mata fassara ba, ya zauna. In ba ta gane ba, a sake zama.