Gyaran Tsofaffin Kyamarorin Katako da Ƙera Sassan da Suka Lalace

Gabatarwa

Kyamarar katako mai ɗaukar babban fim ko farantin gilashi ita ce kayan aikin ƙwararrun masu hoto tun daga rabin ƙarni na 19 har cikin ƙarni na 20. Kamfanin Gandolfi, wanda aka kafa a Landan a 1885, da Thornton-Pickard na Ingila, da Deardorff na Shikago a Amurka, suna cikin waɗanda suka yi suna wajen ƙera ta. Da yake masana'antun asali sun daina aiki, duk sashen da ya karye ko ya ɓata sai an ƙera shi da hannu. Wannan takarda na duba yadda ake yin hakan bisa ma'auni uku: kada haske ya kutsa ciki, hoto ya faɗa daidai inda fim yake, kuma kada gyaran ya shafe asalin kyamarar.

Katako da tagulla

Yawancin waɗannan kyamarori da katakon mahogani aka yi su, saboda idan ya bushe sosai ba ya yawan lanƙwasa. Samun irin na da ya yi wuya, domin tun 2003 yarjejeniyar CITES, mai kare tsirrai da dabbobi daga ɓacewa, ta tsaurara cinikin mahoganin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Don haka masu gyara kan nemi tsofaffin kayan ɗaki su yanka, ko su yi amfani da dangin maɗaci na Afirka, wanda launinsa ya yi kusa da na asali.

Masassaƙan da sun haɗa gaɓoɓin ne da gam na fatar dabba, wanda ɗumi da laima ke sassautawa. Shi ya fi dacewa a yau ma, tunda mai gyara na gaba zai iya buɗe gaɓar ba tare da ya fasa katako ba. Sukurorin tagulla kuwa ba a maye gurbinsu da ka. Zarensu na tsohon awon Ingila ne ko na Amurka, kuma sukurun awon milimita yakan cinye ramin. Wanda ya ɓata sai a yanka sabo a injin juya ƙarfe.

Zugazugi

Sashen da ke saurin mutuwa shi ne zugazugi, wato jakar da ke naɗewa tsakanin lensi da fim. Hawa uku gare shi: fata ko yadi a waje, siraran kwali a tsakiya masu tsara ninki, da baƙin yadi a ciki. Ramuka kan fara ne daga kusurwoyi. Ana gano su ta hanyar miƙe shi a ɗaki mai duhu, a kunna tocila a cikinsa. Ƙananan ramuka na toshuwa, amma fatar da ta fara marmashewa sai sabuwa. A nan dole a kula da kauri, domin zugazugi mai kauri yana hana kyamarar rufewa.

Gilashin saiti da gidan fim

Nan ne aikin ya fi buƙatar awo. Mai hoto yana saita hotonsa a kan gilashin da aka dusashe fuskarsa ɗaya, sannan ya zura gidan fim. Dole dusashiyar fuskar, wadda ke kallon lensi, ta zauna daidai inda fim zai zauna. A gidan fim na zamani mai inci 4 da 5, zurfin daga fuskar gidan zuwa fim kusan milimita 5 ne. Tsofaffin kyamarorin Ingila an yi su ne don farantin gilashi, kamar mai inci 6½ da 8½, kuma gidajensu sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Saboda haka akan ƙera sabon bayan kyamara mai karɓar gidan zamani, a adana na asali. Gilashin kansa ana dusashe shi da garin gogewa mai laushi da ruwa.

Kammalawa

Gyara nagari shi ne wanda ya mai da kyamarar bakin aiki, kuma ana iya warware shi. Ya kamata a ajiye kowane sashen da aka cire, a rubuta awonsa da ranar da aka canja shi, domin daga waɗannan ne mai gyara na gaba zai ɗauki ma'auni.